Yadda Na Gyara Wa Bai Stoil Wuya

Stoil Paunov ya shekara talatin da huɗu yana tuƙa babbar mota, kuma a duk tsawon wannan lokaci ba a taɓa rubuta sunansa a takardar laifi ta kowace ƙasa ba, sai da ni na shiga al'amarinsa da niyyar gyara. Na faɗi wannan tun daga farko domin mai karatu ya san inda zai ajiye zarginsa, kada ya gaji da riƙo.

An haifi Stoil a wani ƙauye na ƙasar Bulgeriya, a gindin duwatsun Rodopi, tafiyar rabin sa'a daga garinmu Pazarjik. Mahaifinsa makiyayin tumaki ne, mutumin da ya yi imani cewa don cin abinci aka halicci baki, kuma ɗan ya gaji wannan aƙida ba tare da ya rage mata komai ba. A soja ya koyi tuƙi. Da ya fito ya yi jigilar tumatir da tattasai na gonar gwamnati, da gonar ta watse kuma sai wani ɗan kasuwa, marigayi Gocho, ya sayi tsohuwar mota guda ya damƙa masa makulli. Tun daga ranar bai sake ubangida ba. Gocho ya rasu, matarsa Tsvetana ta riƙe kamfanin, motoci suka zama biyar, Bai Stoil (da "Bai" muke girmama dattijo) yana nan a ta farko. Idan ka tambaye shi lafiya, ya amsa da kai. Idan ka tambaye shi hanya, ya nuna da haɓa. Matarsa Radka ce take yin maganar gidan duka, tata da tasa, har da ragowa.

Radka tana saƙa masa hular ulu kowace kaka, kuma ta kafa masa doka: duk inda ya tsaya a ƙasar waje, ya ɗauki hoton kansa da waya ya aiko mata, ta ga ko hular tana kansa. Na sha yi masa wa'azi a kan wannan. Na ce masa bai dace da dattijo ya riƙa tsayawa a bakin titi yana miƙa hannu yana yi wa waya murmushi kamar budurwa ba, kuma amanar da take buƙatar hoto ba amana ba ce. Ya saurare ni har ƙarshe, kamar yadda yake sauraren kowa, ya ci gaba da aika hotonsa.

Ni kuwa na shekara talatin ina koyar da Jamusanci da ilimin mantiƙi a makarantar sakandare. Da na yi ritaya, Tsvetana, wadda tsohuwar ɗalibata ce, ta ɗauke ni in riƙa rubuta wa kamfanin wasiƙun ƙasashen waje. Kowa a garejin yana kirana Daskale, wato malam, kuma ina amsawa da nauyin da nake ganin sunan ya cancanta. An ce ilimi gishirin zaman duniya. Ba a gaya mini cewa shi ma gishiri yana iya ɓata miya ba.

A wata kaka na lura da wani haɗari da babu wanda ya lura da shi sai ni. Sanin kowa ne cewa mutanen yammacin Turai suna amfani da kai a juye: inda mu muke girgiza kai mu ce eh, su a'a suke nufi, inda muke gyaɗa kai mu ce a'a, su sun ji eh. Na yi tunani cewa direbobinmu ba su da harshen waje sai 'yan kalmomin sayen burodi, don haka da kai suke amsa wa jami'an hanya, don haka wata rana kai zai jawo wa kamfani masifa. Hujjar ba ta da ɓaraka. Na tara su biyar a gareji, na tsaya a kan akwatin taya, na yi musu lacca ta minti arba'in.

"Da zarar kun ƙetare iyaka," na ce, "ku juya wuyanku. Eh, sama da ƙasa. A'a, hagu da dama. Mu gwada."

Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Daskale, idan mun dawo gida fa, a wane shago ake mayar da wuyan?"

Suka yi dariya suka watse. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Bayan kwana biyu na hangi Bai Stoil zaune a motarsa yana duban madubin gefe, yana gyaɗa kai a hankali, yana motsa leɓe. Na ji daɗi ƙwarai. Na ce a raina, ga ɗalibin da na shekara talatin ina nema.

A watan Fabrairu Tsvetana ta kira ni ofishinta, ta tura mini takarda a kan tebur. Daga hukumar duba motoci ta wata ƙasar tsaunuka ta fito, ƙasar da motocinmu suke ratsawa da kwalaben miyar tattasai zuwa Jamus. Takardar ta ce ranar tara ga Janairu an tsayar da motar Stoil Paunov a wani wurin hutawa, an tambaye shi ko yana ɗauke da sarƙoƙin taya da doka ta wajabta a lokacin dusar ƙanƙara, ya amsa cewa ba shi da su. Da yake titi a bushe yake a ranar, an bar shi ya wuce bayan ya sa hannu, amma an shigar da laifin a rajistar kamfani, da sunansa a gefe.

"Daskale, ka san sharaɗin mutanen Jamus ɗin nan," in ji Tsvetana. "Kowane watan Afrilu sai na aika musu da kwafin rajista. Direban da aka yi wa tabo ba ya taɓa kayansu. Kuma ba ni da wata doguwar hanya sai tasu. In wannan abu bai goge ba, sai in karɓi makulli daga hannun mutumin da ya ɗauki makarar mijina."

Aka kira Bai Stoil. Ya shigo da hula a hannu, ya tsaya bakin ƙofa.

"Bai Stoil, sarƙoƙin suna motar ranar?" in ji ta.

Ya girgiza kai, irin namu. Suna nan.

"To me ya kai ka sa hannu?"

"Ya miƙo biro," in ji shi.

Ni kuwa tuni na gano bakin zaren, ko kuwa in ce na ɗauka na gano. Na ce, "Da kai ka amsa masa, ko ba haka ba?" Ya sake girgiza kai, ya buɗe baki zai ƙara wani abu, abin da ba ya faruwa sai sau biyu a shekara. Na ɗaga masa hannu. "Ya isa. Abin da na yi gargaɗi a kansa ne ya faru. Ku bar mini."

Na kwana tara ina rubuta takardar ƙorafi. Shafi goma sha ɗaya ta ci. Na fara da bambanci tsakanin alama da abin da alama take nufi. Na kawo ra'ayoyi uku game da asalin al'adarmu ta girgiza kai, na rushe biyu, na bar ɗaya a tsaye da sharaɗi. Sannan na gina hujjata daki-daki: direban Babulgare ne, Babulgare yana girgiza kai idan yana nufin eh, direban ya girgiza kai, saboda haka eh ya ce, jami'inku kuma ya ji a'a saboda ƙarancin sani. Na rufe da nasiha mai laushi cewa ya kamata hukuma ta ilmantar da ma'aikatanta a kan ɗabi'un al'ummai. Ban karanta wa Bai Stoil ba. Me makiyayi zai ƙara wa mantiƙi?

Amsa ta zo a tsakiyar Maris, sakin layi ɗaya. Hukumar ta ce jami'inta ya shekara goma sha tara a wannan titi, ya tsayar da direbobin Bulgeriya fiye da yadda zai iya tunawa, kuma ya san al'adarsu sarai. Rahotonsa ya nuna cewa direban bai girgiza kai ba, gyaɗawa ya yi, sama da ƙasa, har sau uku. Jami'in kuma, bisa sanin cewa wannan a ƙasar direban a'a ne, ya rubuta a'a. Tunda bayanin kamfani ya saɓa wa abin da ya faru, an yi watsi da ƙorafin. Idan akwai shaida, ba muhawara ba, a aiko cikin kwana goma sha huɗu.

Na karanta sau huɗu. Sannan na ɗauki takardar na tafi gidan Bai Stoil da hantsi, domin ban so a yi wannan magana a gaban 'yan gareji ba. Na same shi a tsakar gida yana yi wa itacen inabi aski. Radka ta zaunar da ni, ta ajiye mini kofi da yankan banitsa mai zafi, wato wainarmu ta cuku, ta tsaya a kaina.

Na ce, "Bai Stoil, da mutumin nan ya tambaye ka sarƙa, yaya ka yi da kanka?"

Ya ajiye almakashi, ya daidaita tsayuwa kamar ɗalibi a gaban allo, ya gyaɗa kai sama da ƙasa, sau uku, tsaf, babu kuskure.

"Yadda ka koya mana, Daskale," in ji shi. "Na ƙetare iyaka."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Ka ce ya isa."

Radka ta dafa ƙugu. "Wato kai ne. Wata biyar ina fama da mutumin nan, in ce za ka ƙara miya, ya tsaya yana tunani kamar mai lissafin gado, wai yana tuna ko a wace ƙasa yake. Na ɗauka tsufa ne. Ashe makaranta aka sa shi. Shekara talatin da huɗu wuyan nan yana kai shi Jamus yana dawo da shi, Daskale, wa ya kawo maka ƙararsa?"

Na ajiye kofina. Garin neman gira na tsone wa bawan Allah ido. Ni na juya direba domin ya dace da jami'i, shi kuma jami'i ya juya fahimtarsa domin ya dace da direba. Masu ilimi biyu suka yi wa juna kara, mai gaskiya ya faɗa ramin da ke tsakaninsu. Na ce wa Radka da mijinta yanzu shaida ake nema, kuma maganar mutum ba shaida ba ce, balle motsin kansa.

"Wace rana ce ma?" in ji Radka.

"Tara ga Janairu."

Ta zaro waya daga aljihun rigar girki, ta yi ta shafa fuskarta da babban yatsa tana gunaguni. "Takwas ga wata, ya sa ta a karkace. Tara ga wata... ga shi. Ranar ma na yi masa faɗa, kunne ɗaya a waje."

Ta miƙo mini. Ga Bai Stoil ya cika rabin hoton, da jar hula, da murmushin nan da na sha la'anta. A bayan kafaɗarsa ga gefen motarsa, lambarta a fili, ga sarƙoƙin taya rataye a ƙugiyoyinsu a ƙarƙashin tirela. Can gefe ga allon da ke ɗauke da sunan wurin hutawar, ga kuma motar jami'in da ratsinta, ba ta ma tashi ba. Wayar ta rubuta rana da sa'a: minti shida bayan lokacin da ke kan takardar laifi.

"Amanar da take buƙatar hoto," in ji Radka, tana duban rufin ɗaki kamar mai tuna karatu. "Ya gaya mini, ai. Ba ya magana, amma wannan ya kawo mini ita har gida."

Takarda ta biyu layi bakwai ce. Na rubuta cewa bayanin farko kuskure ne, kuma kuskuren nawa ne, domin ban tambayi direban ba, cewa jami'insu ya ga daidai, direban ya gyaɗa kai, cewa eh yake nufi, irin tasu, saboda wani ma'aikacin kamfani ya horar da shi a kan haka, kuma wannan ma'aikaci shi ne mai sa hannu a ƙasa, ga hoto. Layi na biyar ya fi shafuka goma sha ɗayan nan wuyar rubutawa. Kafin in aika na karanta wa Bai Stoil da harshenmu, kalma bayan kalma, na jira har ya ce "haka ne" da bakinsa.

Kwana huɗu kafin Tsvetana ta aika wa mutanen Jamus kwafin rajista, amsa ta iso: an cire laifin. A ƙasan wasiƙar wani ya ƙara da biro cewa hular ta yi kyau. Tsvetana ta manna takardar a ƙofar gareji, ta kuma hana ni yin lacca ga direbobi sai da izininta a rubuce, hukuncin da na bincika ta kowace fuska ban same shi da aibi ba.

Ranar Litinin na fita wajen da ake loda kwalabe. Bai Stoil yana zagaya motarsa yana buga tayoyi da guduma, kamar kowace safiya tun kafin a haifi rabin ma'aikatan wurin. Na jira ya hau, ya zauna, ya sauke gilashi. Na riga na shirya jawabin neman gafara mai sassa uku, amma da na ɗaga kai na ga jar hular, sai na ce kawai, "Bai Stoil, ka yafe mini?"

Ya dube ni, ya gyaɗa kai sama da ƙasa.

Na tsaya da baki buɗe ina auna ko a Pazarjik wuyansa yake ko ya riga ya ƙetare iyaka. Ya bar ni a haka har ya tayar da inji. Sannan ya leƙo.

"Daskale," in ji shi, "in ba a gane ba, tambaya ake yi."

Ya ja motarsa ya fita ƙofa.