Rigar da Inna Ta Ɗinka wa Akwatin Baba

Baba mutum ne mai son jin muryarsa, Allah ya jiƙansa. Ba zagi ba ne, shi ma ya san haka. Yana da wata baƙar rikoda mai mariƙi da ya saya tun yana aiki, kuma da ya yi ritaya sai ta zama abokiyar hirarsa. Ranar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, tabarma ya shimfiɗa a tsakar gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, rediyo a dama, rikoda a hagu, yana ɗaukar abin da ake faɗa yana tsoma baki. In ka saurari wannan kaset ɗin ba ka jin mai jawabin sosai, sai Baba yana cewa, "To, mun ji. Allah ya sa mu gani a ƙasa." Da haka ya cika kwali guda: tarihin kakanninmu, yadda unguwarmu take lokacin da rabinta gonaki ne, karatun da muke biya masa, har da faɗan da ya yi mini shekarar da na faɗi lissafi.

Inna ce kaɗai ta ƙi yarda. Da ya nufo ta da rikodar sai ta ja mayafi ta rufe baki ta shige madafi. Sau ɗaya tak ya kama ta, wata ranar Sallah, ya laɓe a bakin ƙofa tana tuƙa tuwo. Ana jin ƙarar muciya a tukunya, ana jin dariyarta, sannan ta ce, "Kai Malam, don Allah ka bari, girma ya kama ka." Iyakar muryar Inna ke nan a kwalin gaba ɗaya.

Bayan rasuwar Baba da 'yan shekaru na buɗe kwalin, na tarar zaren kaset-kaset ɗin ya fara mannewa. Lokacin ina aikin kula da kwamfutoci a wani ofishin gwamnati, ina jin kaina kamar babu wanda ya kai ni sani a duk faɗin Tarauni. Na zauna wata da watanni ina juyar da su ɗaya bayan ɗaya zuwa kwamfuta. Da yawa sau ɗaya suka yarda suka juya, daga nan rikoda ta tauna zaren, shi ke nan. Duk abin da na samu na tara shi a cikin wata tsohuwar kwamfuta marar allo, wadda aikinta kawai ta riƙe ajiya, ni kuma in riƙa ɗauko abin da nake so ta waya. A ofis "saba" muke ce wa irinta. A gida kowa akwatin Baba yake cewa.

Ɗakin Inna na kai ta, saboda can ne muka haɗa batir da inbata don fankarta, can ne kaɗai wuta ba ta yankewa gaba ɗaya in an ɗauke. Na ja shuɗiyar waya doguwa daga ɗakinta, ta bi saman katanga, ta ratsa tsakar gida, ta shiga shagona da ke soro. Ranar da na gama, na tsaya a gaban Inna na kafa doka kamar wani hakimi. Na ce kada kowa ya taɓa, kada a matsar, kada a ɗora komai a kai. Ta ce, "To, Auta." Ni ne ƙarami a gidan, kuma ko da gemu ya fito mini Auta take ce mini.

Sai da bazara ta yi tsanani matsalar ta fara. Wata rana na shiga gaishe ta, na ji akwatin yana wani ƙas, ƙas, ƙas, a hankali. Na san wannan sautin daga ofis. Faifan ajiyar da ke cikin akwatin ne yake shirin mutuwa, kuma irinsa in ka kashe shi ba lalle ya sake tashi ba. Duk muryar Baba tana cikin wannan faifan, babu ita a wani wuri. Kunya ta kama ni, ni da nake yi wa ma'aikata wa'azi kullum a kan su riƙa ajiye kwafi biyu.

Washegari na sayo sabon faifai a kasuwar waya, na haɗa shi da kwamfutar shagona, na fara kwashe komai ta wayar nan. Da farko abin ya tafi kamar ruwa. Ban gama shan kofin shayi ba sai gudun ya fara raguwa, ya ragu, ya ragu, har allon ya rubuta mini cewa saura kwana biyu da wasu awanni. Kwana biyu, ga faifan da ban tabbata zai kai la'asar ba.

Wayar na fara zargi. Na fita tsakar gida na ɗaga kai, sai ga zannuwan Inna guda biyu da tawul a shanye a kanta. Na yi ta faɗa, har maƙwabta suka ji. Inna ta leƙo ta ce ai igiya ce mai kyau, ba ta tsatsa. Na sauke kayan, na yanke kawunan wayar na matse sababbi, na tafi ɗakinta in gwada. Na yi sallama a bakin labule. Ta ce, "Dakata, Auta." Na dakata. Can ta ce in shigo. Na durƙusa gaban akwatin na jona, na zauna muna hira kamar rabin awa, na koma shago na ga gudu ya dawo daidai. Na ce alhamdu lillahi, shanya ce. Kafin a kira azahar abin ya sake komawa tafiyar hawainiya.

Kwana uku na yi a haka. Na canza wayar gaba ɗaya, na hau tsani na kafa ta da ƙusoshi inda hannun Inna ba zai kai ba. Na canza ɗan akwatin da ke rarraba wayoyin. Na yi zargin ƙwayar cuta ta shiga kwamfutata, na wanke ta tas. Na yi zargin batirin, na aro na maƙwabcinmu. Kowane gyara sai na je ɗakin Inna, in yi sallama, ta ce in dakata, in shiga in yi abin da zan yi, in ɗan zauna, gudu ya dawo. In na koma shago ba a daɗewa sai ya mutu. Ga ƙas-ƙas ɗin kullum ƙaruwa yake. Abinci ma ya daina shiga, na zama masifaffe, kowa ya yi mini magana sai in hau shi.

Rana ta huɗu Yaya ta zo daga gidanta na Tarauni. Ita ce babbarmu, malamar makaranta ce, kuma tun muna yara ba ta raga mini. Ta tsaya a ƙofar shago tana kallona cikin wayoyi da filaya, na ba ta labari. Ta kwashe da dariya ta ce, "Wato in kana ɗakin yana gudu, in ka fita ya tsaya? To ai kewarka yake yi. Ka kwashe katifarka ka koma wajen Inna, injiniya." 

Ta wuce cikin gida. Ita ba ta jiran a ce ta shigo, da sallamar da ɗaga labulen lokaci ɗaya take yinsu. Ba a jima ba na ji ta ƙwala mini kira. Na zo bakin ƙofa zan tsaya kamar kullum, ta miƙo hannu ta jawo ni ciki.

Akwatin Baba yana sanye da riga. Farar shadda ce, an ɗinka ta daidai jikinsa, ta rufe shi daga sama har ƙasa, gaba da baya, babu ko ƙofar da iska za ta shiga. Na ɗora hannu na ji shi kamar dutsen guga. Ashe duk kwanakin nan zafi ne yake dafa shi. In na yi sallama ta ce in dakata, cire rigar take yi ta tura ƙarƙashin filo, saboda dokar da na kafa. Ina zaune muna hira yana shan iska yana farfaɗowa, ina fita ta mayar.

Ya kamata in gane tun farko. Babu abin da ke zama tsirara a ɗakin Inna. Talabijin na da rigarsa, rediyo na da tasa, keken ɗinki na da tasa, har fulas ɗin shayi. Amma a lokacin ban tsaya wannan tunanin ba, raina ne ya ɓaci. Na ce, "Inna, me na ce miki? Kin san kin kusa kashe shi? Duk wahalar da nake sha kwana huɗu ashe ke ce." Na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi mata ba, kuma har yau in na tuna sai na yi nadama.

Ba ta yi fushi ba. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta, ta ce, "Ka ce Malam ne a ciki. Mutane suna shigowa gaisuwa, ga shi nan a ƙasa kamar kwandon shara. Ni ba zan iya kallonsa haka ba."

Sai a lokacin na kalli rigar da kyau. Aikin da ke gabanta na sani, aljihun babbar rigar Baba ne, wadda yake sawa ranar Juma'a. Ita ta yanka ta ɗinka da kekenta, ta daidaita aikin ya zauna a tsakiya. Yaya ta juya baya tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba. Ni kuwa na durƙusa na ce Inna ta yafe mini. Ta ce, "Tashi ka yi aikinka. Me yake so?" Na ce iska yake so.

Muka cire rigar, na buɗe murfin gefe, na juya fankar Inna ta fuskance shi. Na ruga shago na sake farawa, gudu ya dawo, allon ya ce saura awa uku. Ba mu ci rabi ba aka ɗauke wuta. Kwamfutar shago tana da batirinta a jiki, amma batirin ɗakin Inna na san shi, ba zai ɗauki fanka da akwati tare har awa biyu ba. Ina tsaye ina lissafin yadda zan yi, Inna ta miƙa hannu ta kashe fankar. Ta jawo kujerarta 'yar tsugunno, ta ɗauko maficinta na kaba, ta zauna gaban akwatin ta fara yi masa fifita, yadda na ga tana yi wa Baba a ciwonsa na ƙarshe. Yaya ta ce ta kawo ta karɓe ta, ta ce a'a. Zufa tana bin wuyanta, in hannun dama ya gaji ta mayar hagu. Sallar la'asar ce kawai ta tashe ta, shi ma sai da Yaya ta riƙe maficin.

Ni ina ta kai da kawowa tsakanin shago da ɗaki, yanzu babu mai cewa in dakata. Gab da magariba aikin ya kai ƙarshe. Komai ya kwafu sai fayil ɗaya, wanda kwamfutar ta ce ba ta iya karantawa. Na sake gwadawa sau uku. A na huɗun faifan ya yi wata ƙara mai tsawo, ya yi shiru, bai sake juyawa ba.

Na duba sunan fayil ɗin. Na ranar Sallah ne, na bakin madafi. Na koma kwalin da gudu na nemo kaset ɗinsa, na tarar yana cikin waɗanda rikoda ta tauna.

Na je na faɗa wa Inna. Tana zaune tana matsa kafaɗarta. Ta ce, "Na Malam duk sun fita?" Na ce duk sun fita. Ta ce, "To alhamdu lillahi. Wancan ai shirme ne. Ni ba ga ni ba? In muryata kake so, kullum kana jin ta, har ta ishe ka." Yaya ta yi dariya, ni ma na yi. Na ce a raina wata rana zan laɓe mata da waya yadda Baba ya yi da rikoda.

Na haɗa wani akwatin, na yi kwafi uku, na ba Yaya ɗaya. Inna ta zauna a keke ta huda wa rigar tagogi, gaba da baya da gefe, ta bi bakin kowace da ɗinki irin na ramin maɓalli, ta kira ni in duba ko iskar ta isa. Ta isa. Shekara shida rigar tana jikin sabon akwatin, kuma shekara shidan nan kullum ina shiga ɗakin nan safe da yamma da waya a aljihuna. Kullum sai in ce gobe, har Allah ya yi wa Inna rasuwa.

Yanzu muryar Baba tana wayar kowa a danginmu. Jikokin da ba su taɓa ganinsa ba sun haddace "Allah ya sa mu gani a ƙasa", suna faɗa wa juna in an yi musu alkawarin alewa. Rigar tana cikin durowata, a ninke. Kwanakin baya 'yata ta gama sauraren kakanta, ta ɗago kai ta ce in sa mata na Inna.