Shari'ar da Aka Gama Kafin Yaya Ya Iso

Yayana ya bar aikin zinare ne a shekarar da ɗansa na fari ya rasu. A lokacin kusan kowane gida a ƙauyenmu, kusa da Bagega, ana daka dutse a tsakar gida, wani lokaci a turmin da ake daka hatsi. Ba mu san ƙurar tana kashe yara ba sai da likitoci suka zo suka ce gubar dalma ce. Yaron ya yi ta jijjiga a bayan uwarsa har rai ya yi halinsa. Da aka share makoki Yaya ya kyautar da gudumarsa, ya ce shi da ramin zinare har abada.

Inna tana da fadama a ƙasar Gummi, gadon mahaifinta. Can Yaya ya koma da ita da matarsa. Ni ina aure a Anka, ina ɗinki, sai da salla nake zuwa musu. Ya yi shekaru yana noman damina, abin da yake samu bai wuce na sawa a baki ba. Ana nan sai wani kamfani ya shigo yankin yana ba manoma bashin injin ban ruwa da taki da iri, a riƙa biya bayan girbi.

Ina gidan ranar da wakilin kamfanin ya zo. Mutum ne mai fara'a, ya durƙusa ya gai da Inna, ya sha furar da aka dama masa. Takardun da Turanci suke, yana buɗewa yana faɗa mana abin da ke ciki da Hausa. Bai ɓoye cewa fadamar ce jingina ba. Da ya zo shafin ƙarshe sai ya ce, "Wannan kuma don kada a wahalar da ku da zuwa kotu ne, ko da wata matsala ta taso."

"Allah ya raba mu da kotu," in ji Inna, ta dangwala yatsa. Yaya ya sa hannu a ƙasan nata.

Ranin farko albasa ta yi kyau. Yaya ya biya kason farko tun kafin a tambaye shi, ya saya wa Inna zane, ni ma ya aiko mini da buhun albasa har Anka, na rarraba wa maƙwabta. Matarsa ta haifi 'ya mace. Na daɗe ban ji dariyarsa irin ta wannan shekarar ba.

Da damina ya zuba shinkafa. Saura kaɗan a yanke ta gulbi ya cika ya ɓalle, ruwa ya kwanta a kan fadamar har sai da komai ya ruɓe. Bukkar da yake ajiye injin ta rushe, shi da wani Bafulatani maƙwabcinsa suka tono shi daga laka, bai sake tashi ba. Yaya ya sayar da tumakin matarsa ya kai abin da ya samu ofishin kamfanin. Wakilin nan mai fara'a an mai da shi wani gari, wanda ya tarar a ofishin ya karɓi kuɗin ya ce sauran magana ba a hannunsa take ba.

Bayan wasu watanni ma'aikatan kotu suka kawo takarda gida. Yaya ya ɗauka sammaci ne. Da ya kira ni a waya har da sauƙi a muryarsa.

"Auta, gara haka," ya ce mini. "Gaban alƙali in faɗi komai. Ba ƙin biya na yi ba, ruwa ne, kowa ya gani. Rani guda nake so a ba ni."

Na rufe ɗinki na tafi Gummi. Na tarar ya shirya shaidunsa, mai unguwa da Bafulatanin nan. Yana zaune a gindin darbejiya yana jera maganar da zai yi, daga ina zai fara, da me zai ƙare, yana tambayata ko ya faɗi mutuwar yaron ko ya bar ta. Na ce ya bar ta sai in an tambaye shi. Ya sa babbar rigarsa ta salla, muka tafi.

Ba mu shiga zauren shari'a ba. Magatakardan kotun, wani dattijo mai tabarau, ya duba takardar ya dube mu, ya ce mu zauna.

"Malam, wannan ba sammaci ba ne. Umarnin sayar da gona ne. An riga an yanke hukunci."

"Yaushe? Ba a kira ni ba."

"Ba za a kira ka ba. Kai ka riga ka amsa." Ya zaro shafin ƙarshen nan daga cikin tarin takardu ya nuna masa sa hannunsa. Ya bayyana mana a hankali cewa abin da aka rubuta shi ne, in biya ya tsaya, Yaya da Inna sun yarda tun daga ranar cewa su ne marasa gaskiya, kamfani ya je kotu shi kaɗai ya karɓo hukunci ba tare da an ji ta bakinsu ba.

"Amma ranar da na sa hannu ruwan bai zo ba," Yaya ya ce. "Mi na amsa?"

Dattijon ya cire tabarau ya murza idonsa. Ya ce lauya zai iya neman a sake duba maganar, amma zai ci kuɗi da lokaci, kuma ba ya so ya yi mana alkawarin abin da bai tabbata ba.

"To ko ba a canza komai ba, ku bar ni in shiga in faɗa wa alƙali yadda aka yi."

"Babu shari'ar da za a shiga, Malam. Ka yi haƙuri."

Muka fito. Bafulatanin, wanda ya baro shanunsa da sassafe don ya ba da shaida, ya tsaya yana juya sandarsa, ya tambaya ko shi ke nan. Yaya ya yi masa godiya, ya biya masa kuɗin mota.

Mun je wurin lauya. Kuɗin da ya ambata ko keken ɗinkina na sayar ba zai kai ba. Aka sayar da fadamar ga wani ɗan kasuwa. Inna ba ta taɓa ɗora wa Yaya laifi ba, ko da kallo. Abu ɗaya ta roƙa, a kai ta ta ga wurin kafin a kafa sababbin turaku. Ta zagaya iyakar a ƙafa, tana tsayawa tana nuna mini inda mahaifinta yake hutawa da inda ita da 'yan'uwanta suke korar tsuntsaye. Ba ta yi kuka a can ba, sai da muka dawo gida ta shiga ɗaki.

Na kawo Inna wurina Anka. Yaya ya yi ƙodago a gonakin mutane har kaka, abin bai riƙe gida ba. Wata rana ya zo gaishe da Inna, na ga tafin hannunsa ya farfashe, farcensa cike da jar ƙasa. Ban tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba. Ya koma ramin zinare, a wajen Bukkuyum.

Iyalinsa ya bar su a Gummi, ya ce ba za su matso kusa da dutsen ba. Matarsa ta gaya mini in ya zo ganinsu ba ya shiga gida kai tsaye. Sai ya tsaya a rijiyar bayan gari ya yi wanka, ya canza kaya, ya ƙulle na aikin a leda ya rataye a reshen itace. Duk da haka in yarinyar ta rugo ta rungume ƙafarsa, ɗaga hannuwansa yake yi sama, ya ce wa uwar ta ɗauke ta. Yarinyar ta fara wayo yanzu. Kwanan baya ta tambaye ni ko babanta fushi yake yi da ita.