Ƙoƙon Madam Tanne da Sarkin Noma Ɗanjimma

Kullum da sassafe Madam Tanne kan ɗaura tuluna biyu da ƙoƙuna a bayan tsohon babur ɗinta, ta bar Filinge ta nufi ƙauyukan Kurfai. Aikinta koya wa manoma haɗa hannu, amma ba ta da allo, ba ta da dogon jawabi. Wasa take sa su.

Takan jera mutane tsakanin tulu cike da tulu wayam, su riƙa miƙa ruwa a ƙoƙo daga hannu zuwa hannu. Jim kaɗan sai ta tafa. "Ku tsaya! Ina anka yi ɓari?" A duba ƙasa, a ga inda ta jiƙe, a matso kusa ko a sauya wuri, a sake. Kowane zagaye ɓarin na raguwa. Darasin ke nan: a yi kaɗan, a duba tare, a gyara, a ci gaba.

Ɗanjimma, sarkin noman wani ƙauye a arewacin Filinge, bai ga abin koyo a nan ba. Ranar da ta miƙa masa ƙoƙo a gaban jama'a, ya mayar da hannuwansa baya.

"Madam, ni da hurhura ga kai in tsaya ina wasan ɗiya? Ki kai ma mata, su ad da lokaci."

Aka yi dariya, shi ya fi kowa. Ita kuwa ta kai wa matan.

Bana ƙauyen ya shirya farfaɗo da fako, wato ƙasar da ta yi tauri ta daina ba da amfani, ta hanyar haƙa ramukan rabin wata masu tare ruwan sama. Dole bakin ramin ya fuskanci inda ruwa ke gangarowa. Mata suka haƙa kaɗan, suka kwarara ruwan jarka daga sama, suka ga ya kauce, suka juya bakin, sannan suka ci gaba. Ɗanjimma ya auna gangare da ido, ya tara maza, suka haƙe fakonsu kaf ba tare da waiwaye ba. Har habaici ya yi wa matan da suke baya.

Ruwan farko ya bi ta bayan ramukan maza, ya fasa su, ya kwashe irin geron zuwa kwari. Na mata kuwa kowanne ya kwana da ruwa. Kunya ta hana Ɗanjimma zaman dandali, ko masallaci sai ya bi ta bayan gida. Irin da ya rage na shuka ɗaya ne tak, mazan kuma sun daina amsa kiransa.

Ranar da Tanne ta zo sallama, domin ta ajiye aiki, ya daɗe a tsaye bayan taro kafin ya iya matsowa.

"Malama," ya ce, idonsa a ƙasa, "ƙoƙon nan shina nan?"

"Shina nan, Sarkin Noma. Tsaya kusa ga Mero, ita ta iya," in ji Tanne, tana nuna ɗaya daga cikin matan.

Ta miƙa masa ƙoƙon. Tanne, ke ce wadda aka yi wa dariya ba ta rama ba. Ke ce mai tambayar inda aka yi ɓari, ba wanda ya yi ba. Shi ya sa dattijo ya iya shiga layi da kunyarsa a hannu, maza suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Washegari suka gyara ramuka kaɗan, suka zuba ruwa, suka duba.

Abin kunya ne a ce mace irin wannan ta gama aiki ba wanda ya tara mata taro a Filinge. Mun gode, Tanne, Allah ya ba ki hutu mai albarka. Masu jagorancin jama'a, ku koyi tafa hannu ku ce a tsaya a duba tun iri bai ƙare ba.

A ranar sallamar nan, a zagayen farko, Ɗanjimma ya zubar da rabin ƙoƙo a kan rigarsa. Kafin Tanne ta tafa, shi ya ɗaga murya: "Ku tsaya! Nan anka yi ɓari, wurina."