Littattafan Kawu da Ƙunshin Gyaɗa

Da ana mayar da aiki baya, da na mayar da littattafan Kawu cikin akwatinsa. Duk sanda na ji ƙamshin soyayyar gyaɗa a nan unguwar Azizya, su nake tunawa.

Kawu yayan Innata ne. Ya yi sakandare a Najeriya kafin ya biyo mu Madina, ya zo da jerin littattafan koyon Latin, na farko har na ƙarshe, masu koren bango da hotunan mutane sanye da mayafi. Bai haihu ba, sai ya ɗora burinsa a kaina. Bayan la'asar yakan shimfiɗa tabarma ya kira ni, mu bi darasi. Ni kuwa kunya nake ji, domin abokaina sun ce karatun Nasara muke yi a gidanmu.

A lokacin Inna tana sayar da gyaɗa ga masu ziyara a Uhudu. A gidanmu takarda iri biyu ce: mai rubutun Larabci a ɗaga ta sama, mai boko a ƙunshe abu da ita. Da lokacin aikin Hajji ya zo, takardar ƙunshi ta ƙare, sai na buɗe akwatin na yayyage littattafan, na ce wa Inna tsintowa na yi.

Ranar da Kawu ya biyo ta wajen, Inna ta miƙa masa ƙunshi ɗaya. Ya juye gyaɗar a aljihu, ya miƙar da takardar a kan gwiwarsa, ya daɗe yana dubawa.

"Ɗan nan," ya ce mini, "bayan Sallah da wannan darasin za mu iso."

Bai dake ni ba, bai kuma sake shimfiɗa tabarmar ba har ya rasu.

Yanzu jikata tana karatun haɗa magunguna. Kwanan baya na tarar tana fama da sunayen itatuwa, ta ce duk Latin ne.

"Amarya, na taɓa fara shi," na ce mata.

Ta yi dariya. "Wallah ya jaddi? Da gaske, Kaka? To faɗi kalma ɗaya, tsoho."

Na lalubi kaina, ban samu ko ɗaya ba.

Don Allah, idan wani babba ya shimfiɗa muku tabarma, ku zauna, ko da ba ku ga amfanin abin da ke hannunsa ba.