Ƙwallon Tsamiya da Surukina a Kudan

Ikara

Ana sallame asuba muka bar Ikara, ni da abokina Ɗanjuma mai faci, a kan babur ɗinsa da ba ya tashi sai an tura. Ni ne a baya, rungume da jakar ƙwallon tsamiya kamar mai jego.

Ga wanda bai sani ba, gasar karta muke yi duk shekara bayan girbi, irin wadda samari suka koyo a waya, suke ce mata poka. Ba ma sa ko kwabo, don kada ta zama caca. Ƙwallon tsamiya muke zubawa, an shafa masa shuɗin fenti don kada wani ya je gindin bishiya ya ƙaro. Wanda nasa ya ƙare ya tashi, wanda ya tsira ya wuce gari na gaba da abin da ya tara. Kofi ne kawai ladan, kuma mutumin Ikara bai taɓa ɗaukarsa ba. Ni kuwa na fito zagayen garinmu da tulin da ya fi na kowa, har na buga ƙirji a majalisa cewa bana kofin nan a shagon ɗinkina zai kwana.

Wajen Gubuchi 'yan sintiri suka tsayar da mu. Ɗaya ya girgiza jakar, ya ji tana ƙara, ya ce a kwance. Da ya ga abin da ke ciki sai ya tambaya ko kunun shuɗi ake yayi yanzu a Ikara. Muka yi dariya, ya taya mu tura babur.

Makarfi

Da hantsi muka shiga Makarfi. Muka karya da koko da ƙosai a tasha, sannan muka nufi rumfar da aka shimfiɗa tabarmi a bayan masu sayar da rake.

Ɗanjuma shi aka fara kora a zagayen Ikara, amma fa ba wanda ya kai shi sanin yadda ake cin gasa. Tun a hanya yake cika min kunne. Wai mai babban tuli ba ya zaman jiran karta mai kyau, tulinsa shi ne kartarsa. In matsa wa masu matsakaicin tuli, don su ke da abin da suke tsoron rasawa. In bar mai ɗan kaɗan ya mutu da kansa, kada in riƙa ciyar da shi. In ga wani mai tuli irin nawa, in gaishe shi in wuce. Sama da komai kuma, in kalli fuskar mutum kafin in taɓa ƙwallo.

Haushin da na ji shi ne gaskiya ya faɗa. Akwai wani malamin firamare daga Gazara da ya zauna kusa da ni, duk lokacin da na ƙara zubi sai ya gyara hula ya ajiye kartarsa. Sau da dama wallahi ba ni da komai a hannu. Wani mahauci kuma in ya samu mai kyau sai hancinsa ya buɗe, ni kuwa in janye abina ba kunya. Kafin la'asar jakata ta ƙi ɗauruwa, sai da na ari leda.

A gidan wani abokin Ɗanjuma muka sauka. Tuwon masara da miyar kuɓewa, aka ɗora mana mazarƙwaila. Na yi barcin mutumin da ya riga ya ga kofi.

Kudan

Da safe babur ya ce shi kam ya gama. Muka bar shi wurin bakanike, muka shiga wata mota da aka cika bayanta da rake har tana jan ƙasa. Direban ya ce in muna sauri mu sauka mu yi gaba, zai same mu.

Mu shida ne a tabarmar ƙarshe. Ina cire takalmi zan zauna, sai na ga wani dattijo yana shimfiɗa buzunsa a ɗaya gefen. Baba Mudi ne na garin Taba, mahaifin matata Hauwa. Na san shi gwanin dara ne, amma ba wanda ya gaya min ya koma karta, balle ya kawo nan.

Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi gida da yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, “Malam, zauna mana. Wasa ne.”

Wasa a wurinsa. Ni tunda na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Tulinsa kuwa ɗan kaɗan ne, bai cika tafin hannu biyu ba.

Sauran huɗun ban raga musu ba. Na matsa musu yadda aka koya min, suka riƙa tashi ɗaya ɗaya. Amma da Baba ya tura ƙwallo sai hannuna ya ajiye karta da kansa. Ina karɓa a hagu, ina miƙa masa a dama. Da aka tashi sallar azahar Ɗanjuma ya ja ni bayan masallaci, ya ce in ji tsoron Allah, tsohon nan ya gane ni, kiwona yake yi. Na ce ya je ya kori surukinsa a gaban mutanen garinsu, sannan ya zo mu yi magana.

Bayan salla muka rage mu biyu, har yanzu na ɗan fi shi. Aka raba, na ɗaga: sarakuna biyu, karta mai ƙarfin gaske. Na zuba da yawa. Baba ya sa hannu biyu ya turo duk abin da ke gabansa.

Ɗanjuma ya hau yin tari na ƙarya a bayana. Na san abin da ya rage in yi, in ɗaga kai in dubi fuskar Baba. Na ɗaga har zuwa maɓallin rigarsa, wuyana ya ƙi. In na bi na ci, dattijon nan zai tashi ya naɗe buzunsa jama'ar Taba suna kallo, ni ne kuma sanadi. Na kife sarakunana.

Ba dole ne Baba ya nuna ba, amma ya juya kartarsa a hankali don kowa ya gani. Biyu da bakwai ne, ba ma iri ɗaya ba, kartar da ba ta cin komai. Rumfa ta kaure da ihu. Daga nan bai daɗe ba ya share sauran ƙwallayena. Ba zan ɓoye ba, abin ya yi min ciwo sosai, kuma haka na tafa aka miƙa masa kofi.

Komawa

Baba ya sa aka ɗaure mana damin rake, ya rako mu har bakin titi, ya ce in gaida gida. Muka biya Makarfi muka karɓi babur. Ɗanjuma bai ce min uffan ba sai da muka wuce Gubuchi, nan ma cewa ya yi in sauka in tura.

Da magariba muka shiga Ikara. Hauwa ta tare ni a tsakar gida tana danne dariya, ta ce Baba ya riga ya kira. Na tambayi me ya ce.

“Ya ce mijina yana da tarbiyya, ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce kuma kada in yarda ka je cinikin tunkiya kai kaɗai.”

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, da mutanen Makarfi da suka ba mu masauki, da Ɗanjuma da bai bar ni a hanya ba. Baba kuma na gode da rake. Na zauna na sha shi har ƙarshe, don ba abin da ya fi shi tsada da na taɓa saya.