Autana na noman rogo a bakin teku

Ina tsaka da tankaɗe jiya da la'asar autana ya kira ni ta bidiyo, ya juya wayar wai in gaida teku. Na gaida shi, bai amsa ba.

Tun bara yaron nan ya goya jaka kamar mai goyon tagwaye ya bar Kankia, wai zai ga duniya. Yanzu ya yada zango a wani ɗan gari shiru a bakin ruwa, can Ghana. Ni kuwa baffanshi ya aiko mani cewa in ba mai noma gonar mahaifinshi ta Bauranya bana, zai ba da ita aro kafin ruwan shuka. Na gaya ma yaron.

Ya ce, "Mama, nan fa hankalina ya kwanta. Wani dattijo ya sauke ni, ina yi mashi noman rogo, yana ba ni abinci da wurin kwana."

"Nawa yake biyanka?"

"Ba biya, Mama. Ilimin rayuwa ne."

"Madalla, Auta. Kai da fartanya ke sa ma ciwon baya, ashe ta Ghana da magani a ƙotarta. Tuwo da tabarma ai ni ma ina da su."

Ya yi dariya, wai sai bayan damina.

Yau da safe na ce ma baffan ya ba da gonar. Ba zan bar ƙasar marigayi ta zama saura ina jiran baran wani ba.

Iyaye, ku gaya mani, rogon bakin teku ya fi geronmu albarka ne?