Murja da Cibiyar Binciken Tsufa ta Isa

Murja Shafi'u ta yi shekara ashirin da biyu tana aiki a wani ƙaramin asibiti a Isa. Allurar rigakafi da awon ciki ne aikinta. Amma tun da hare-hare suka koro mutanen ƙauyukan Tozai zuwa cikin gari, ta lura babu mai tambayar lafiyar tsofaffinsu. Ana duba jarirai da masu ciki, tsoho kuwa yana jingine da katanga da kumburarriyar ƙafa.

Sai ta fara bin su gida-gida ranar Asabar, da na'urar awon hawan jini a jaka. Tana rubuta awon kowa, da abin da ya ci, da wanda ke kula da shi. Cikin shekara huɗu ta cika littafi tara.

Wata rana malamai uku suka zo daga wata jami'a a Sakkwato: Dakta Lubna likita, Dakta Abdurrazak masanin zamantakewa, da wata masaniyar abinci. Suna neman tallafin wata gidauniya don kafa cibiyar binciken tsufa. An taɓa maido musu da takardarsu saboda ba su da bayanai daga karkara. Shugaban asibiti ya tura su wurin Murja.

Dakta Lubna ta daɗe tana buɗa littattafan kafin ta ɗago.

"Yaya Murja, wa ya sa ki wannan aiki?"

"Ba kowa. Na ga ba a yi ne."

Suka bayyana mata tsarinsu: kowane masani zai zo da ranarsa da tambayoyinsa. Murja ta girgiza kai.

"In kunka yi haka, tsoho za ya amsa muku kwana ukku, rana ta huɗu ya ɓuya. Akwai Baba Sammani, sanadin hawan jininshi ba gishiri ba ne kaɗai, har da gonar da ya baro. Ku zamna tare ku saurare shi lokaci guda."

Ta ƙara da cewa ginin cibiyar kada ya yi matakala, a sa kujera a wurin alwala, a samo firijin sola na ajiye jini, kuma duk wanda aka auna a koma a gaya masa sakamakonsa da Hausa. Dakta Abdurrazak ya rubuta duka, suka sake tsara takardar.

Bayan wata takwas amsa ta zo: an ba da tallafin shekara biyar. Da Murja ta karɓi kwafin, ta ga sunanta a jerin masu bincike, ita da iyakar karatunta makarantar koyon aikin lafiya. Ta karanta layin sau biyu, ta kai wa mahaifiyarta ta karanta mata.

Yanzu cibiyar tana da ɗaki huɗu da rumfa mai faɗi. Murja ta horar da mata shida daga Sabon Birni da Gatawa, kowace da unguwannin da take bi. Bara an gayyace ta taro a Sakkwato. Ta yi jawabin minti ashirin da Hausa, wani farfesa yana fassarawa. Aka roƙe ta ta tsaya liyafa, ta ba da haƙuri ta hau motar azahar, domin washegari akwai tsofaffi goma sha ɗaya da za a duba wa idanu.